Sunan da ke jikin injin ruwa

Litinin, 1 ga Yuli

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ta sayo injin ruwan sanyi don masu lodin jirage a bakin ruwan Deira, a nan ƙasar Larabawa. Sabil suke ce masa a nan. Ofishin da ke kula da wajen ya ba da gurbi da wuta, wanki da canjin matatar ruwa namu ne. Ya tuna mini randar Inna a ƙofar gida, da moɗa a kai.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ba a kunna ba. Mutumin ofis ya ce sai an rubuta sunan mas'ul, in ba haka ba Laraba mai zuwa su ɗauke. Shugabanmu Alhaji Mijinyawa ya ce ai ƙungiya ce. Mutumin ya ce ƙungiya ba ta ɗaga waya.

Asabar, 6 ga Yuli

Sanda abokin ɗakina ya ce mas'ul shi ne wanda ake kamawa. Kowa sai ya tuna yana da tafiya Kano.

Na daɗe zaune ina kallon jiragen katako. In rana ta take, kamar a iska suke rataye. Wani mai lodi ya danna famfon, ba ko ɗigo. Ya shafa ƙarfen ya wuce.

Talata, 9 ga Yuli

Na je ofishin tare da Alhaji. Na tambayi mutumin, da ɗan Larabcina na kasuwa, ko zama mas'ul kamu ne. Ya yi dariya. Wai wanda ake tambaya ne kawai, in ruwa ya yi datti ko ya tsaya. Wa'adin shekara guda ne.

Alhaji ya ce, "Mubashir, ba kai ke cewa bayan Sallah ka tafi gida ke nan ba?"

Na ce, "Alhaji, a ba ni biron."

Na rubuta sunana, wanda za a manna a jikin injin. A aji huɗu na firamare na tsaya.

Laraba, 10 ga Yuli

An kunna.

Juma'a, 26 ga Yuli

Ofis sun auna ruwan, lafiya. Masu lodi na kirana Mas'ul, har Sanda. Inna ta bugo tana tambayar yaushe zan dawo. Na ce sai dai a gani. Randarta ba suna a jiki, amma duk unguwa an san wanda ake tambaya.

Gobe canjin matatar ruwa. Kada in manta soso.