Sakatar Ƙofar Mama

Zuwa ga ƙanwata, Auta,

Gwaggo ce tsaye a kaina yanzu haka, tana cewa kada in kuskura in fara miki da surutun 'yan boko, in yi gaisuwa tukuna kamar 'yar mutane. To, ga ta nan. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan alherinsa da salamarsa suna tare da ke, da maigidanki, da 'yar lelenmu da har yau a hoto kawai muka san ta. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya hana aikin asibitin nan cinye ki ɗungurungum. Mu ma muna nan lafiya daidai gwargwado. Gwiwar Gwaggo tana nan tana sanar da ruwan sama tun kafin hadari ya haɗu. Yaya Babba ya ƙara tumbi, ya ƙara dokoki. Ni kuwa ina koya wa ɗalibai ilimin sinadarai, su kuma suna koya mini haƙuri. Gwaggo ta ji gaisuwar, ta gamsu, ta tafi ɗora ruwan shayi, don haka bari in shiga abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya.

Ranar da muka yi magana kin faɗa mini abu biyu. Kin ce tun rasuwar ɗan'uwanmu Baƙo ba ki ƙara durƙusawa addu'a ba, domin kullum kina roƙon Allah ya tsare shi a hanya, kuma a hanyar ya ƙare. Kin kuma ce ba za ki kira Mama ba muddin muna ɓoye mata mutuwarsa, don bakinki ba zai iya ɗaukar ƙaryar ba. Na ba ki amsoshi masu kan gado a ranar, irin waɗanda ake samun maki da su a jarrabawa, har layin ya yanke. Yau ba amsa na kawo miki ba. Labari ne, kuma na roƙe ki ki karanta shi har ƙarshe.

Ba ki nan lokacin da aka yanke shawarar, don haka gara ki ji yadda ta kasance. Ranar da labari ya zo cewa motarsa ta kaya ta faɗa daga kan gada, Yaya Babba ya tara mu a barandar asibiti ya tuna mana abin da likita ya faɗa, cewa zuciyar Mama ba za ta ɗauki girgiza ba. Ya ce ba zai binne mutum biyu a mako ɗaya ba. Ba wanda ya yi musu, har ni mai musu da kowa. Aka yi jana'iza Mama tana ɗakinta, aka ce mata wai Baƙo ya samu aiki a wani wuri mai nisa inda waya ba ta kamawa. Daga nan kowa ya kama aikinsa. Gwaggo ce mai kawo gaisuwarsa. Yaya Babba ya riƙa sayen sabulu da man zafi yana cewa saƙon Baƙo ne. Fasto ya ce shi dai ba zai yi ƙarya ba, amma idan ya zo ziyara sai ya yi ta maganar yanayin gari. Kin san ɗan'uwanki, wanda Mama ta laƙaba wa Baƙo don ba ya kwana biyu a jere a gida. Yana raye bai taɓa aiko wa kowa ko tsinke ba, amma da ya mutu sai ya zama ɗan da ya fi kowa biyayya. Mama ma ta ce nisa ya koya wa yaron nan ladabi.

Abin dariya ne, na sani, kuma na yi dariyar. Amma Auta, da hannunmu muka mayar da shi fatalwa. Mutumin da ba a bari ya mutu ba, ba ya barin gida. Rigar aikinsa tana nan a ƙusar bayan ƙofa, domin cire ta zai tona mu, kuma har yanzu tana warin baƙin mai. Takalminsa na ƙarƙashin benci, bakinsa yana kallon waje. Na kama kaina ina cewa idan ya dawo zai gyara famfo, kuma ba Mama nake gaya wa ba, ni kaɗai ce a tsakar gida. Wata rana ina tsakiyar darasi na ji ƙarar makullai a bayana, irin yadda yake juya su a yatsa, na tsaya da alli a hannu har ɗalibai suka fara kallon juna. A majami'a kuwa ina buɗe baki tare da kowa lokacin waƙa, amma ba abin da ke fita. Kada ki ɗauka ke kaɗai ce sama ta yi wa shiru.

Yanzu ki tuna da sakatar ƙofar Mama. Tun ranar da Baƙo ya fara tuƙi ba ta ƙara saka ta ba. Ta ce direba ba shi da lokacin dawowa, kuma ɗanta ba zai tsaya yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan ubansa kamar mai talla ba. Yaya Babba ya yi maganar ɓarayi har ya gaji. Kujera kawai take jinginawa a jikin ƙofar, ta yi addu'arta, ta kwanta. Kin kuma san ba ta yarda wani ya taɓa mata ƙofar nan, ko Gwaggo da ke kwana a ɗakin kusa.

Shekaranjiya na tashi aiki da wuri, na biya in kai mata magani. Rana ba ta gama faɗuwa ba. Na tura ƙofa kamar kullum, ta ƙi buɗuwa. Na ji takunta a hankali, sannan na ji an zare sakata, sumul, ba ko ƙara. Ni da na yi shekaru ina koyar da yadda tsatsa take cin ƙarfe, na san sakatar da ta daɗe a zaune ba ta tafiya haka. Na shafa ta, na ji mai a yatsana, na ga inda gogayya ta haskaka ƙarfen. Ba jiya aka fara saka ta ba. Mu duka muna shiga muna fita da rana, muna ta wasan kwaikwayonmu, ba wanda ya duba ƙofar.

Na zauna a bakin gadonta na tambaye ta tun yaushe take kulle ƙofa. Ta ci gaba da ninke ɗankwalinta, ta ce ita dai ta san gaskiya tun makon da Yaya Babba ya zo ya zauna da ita har shayinsa ya huce, shi da ko gaisuwa a tsaye yake yi. Ta ce a makon ne matan zumuntar majami'a suka zo su da yawa, wai wucewa suke yi, kowacce idonta a kumbure. Ta ce ita ta haifi Baƙo, ta san shi, ko dai ya turo ƙofa ya shigo yana neman abinci, ko kuma a ji shi shiru, amma aiko da gaisuwa da man zafi ba halinsa ba ne. Na ce to me ya hana ta faɗa. Ta dube ni irin kallon nan da take mini tun ina ƙarama, ta kira ni Farfesa, ta ce ta ga muna bukatar ɗaki ɗaya a duniya inda yake da rai, shi ya sa ta bar mana nata. Wato mu muna tsaron zuciyarta, ita kuma tana riƙe da tamu.

Ga abin da nake so ki ji da kyau. Na tambaye ta ko ba ta yi fushi da Allah ba. Na zaci za ta tsawata mini, amma ta ce ta yi, fushi mai tsanani kuwa. Ta ce ta daɗe ba ta iya ce masa uffan ba. Lokacin addu'a ya yi, sai ta sauko ta durƙusa a inda ta saba, ta yi shiru, ta tashi. Ta ce gaba ta yi da shi, amma ba ta bar masa gidan ba, kuma shi ma bai fita ba. Ta ce wanda ya tsaya ya ga an kashe nasa Ɗan ba sai an yi masa bayanin irin wannan shirun ba. Sakatar kuwa, ta ce hannunta ya ƙi, ya sake ƙi, har wata yamma ta gane cewa yaron da take jira ya riga ya isa gida, gidan da ba ita ce mai tsaron ƙofarsa ba. Ranar ta nemo mai ta shafa wa ƙarfen, ta tura shi, kuma ranar ce ta fara cewa na gode, da ƙyar, kamar mai haɗiyar ƙaya.

Ban ce miki na warke ba. Jiya ma na ji makullan nan. Amma na cire rigar daga ƙusa, ni da Mama muka ninke ta, muka yi kukan da ya kamata mu yi tun tuni, kuma zuciyar da likita ya ce ba za ta ɗauka ba ta ɗauka. Yau da safe na durƙusa ban ce komai ba, na kuma daina ɗaukar hakan a matsayin ridda. Ke ma ba sai kin nemo kalmomi masu daɗi ba. Ki je wa Allah da fushinki yadda yake, ki ajiye shi a gabansa. Bangaskiya ba jin daɗi ba ce kullum, Auta. Wani lokaci ba ta wuce mutum ya koma inda ya saba durƙusawa ba, ko da bakinsa a rufe. Ƙaryar da ta hana ki kiran Mama kuma ta ƙare, ba sauran abin da za ki laɓe a bayansa.

Gwaggo tana gaishe ki, ta ce wai ta gaji da ƙirƙiro gaisuwar mamaci, tana son ta mai rai. Yaya Babba yana gaishe ki, ko da yake tun da ya ji labari bai iya haɗa ido da Mama ba, sai dai ya zauna yana ta juya hularsa. Matarsa da yara suna gaisuwa. Fasto ya ce a gaya miki ya huta da maganar yanayin gari. Ki gaishe mini da maigidanki, ki sumbaci 'yata a goshi.

Abu ɗaya ya rage. Jiya da yamma da zan tafi, Mama ta rako ni har bakin ƙofa tana dafa bango. Ta tambaye ni ke, na gaya mata gaskiya duka, har da maganar addu'ar. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai ta san wani cikin 'ya'yanta yana kan hanya har yanzu, kuma hanyar ta fi ta Baƙo duhu. Na fita, ta tura ƙofar a bayana ta rufu. Na tsaya a waje riƙe da jakata ina jiran in ji sakata. Na daɗe a tsaye, Auta. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar ƙafar kujera tana jan ƙasa, har ta jingina da ƙofar. Sai na juya na kama hanya.

Taki har kullum,
Yayarki, wadda Mama kaɗai ta ba wa farfesanci.