Faranti Ɗaya da Alhaji Sabo

Daren Asabar, watan Oktoba

Na dawo daga sunan ɗan Malam Audu a Pleasant Garden, nan ƙasar waje inda muke zaune. Duk jama'ar nan, sai aka haɗa ni faranti ɗaya da Alhaji Sabo. Shi ne fa jagoran ɗaliban da gwamnatin soja ta ɗaure wa gindi a jami'armu lokacin muna karatu, masu bin ɗakuna da gora da adda suna farautar 'yan gurguzu. Su suka lakaɗa wa abokina Iliya dukan da ya kashe masa kunnen hagu, don kawai ya raba takardun zanga-zanga.

Yana suɗe yatsa yana ce min, "Malam Bala, ai mu muka ceci makarantar nan daga marasa addini."

Na buɗe baki ke nan, Malam Audu ya dafa gwiwata ya ce, "Don Allah, gidan suna ne."

Ƙarshe ma Alhaji Sabo aka ba addu'a, wai shi ne babba. Na ɗaga hannu, na ce amin, na shafa.

Gobe Iliya zai kira daga gida, zai ce in ɗaga murya kamar kullum. Wace muryar?