Ranar da Na Faɗi Sunanka a Treichville

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a makwancinka, ina sanar da kai mu nan Adjamé Liberté lafiya muke, in ban da gwiwata da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, kai ma ka sha cewa kaza ta fi ni jan layi.

Albishir na kawo maka, amma sai ka gyara zama, don akwai abin kunya a ciki, kuma da kai a tsakiyarsa.

Ka tuna takwaranka, jikanmu da ka bari yana rarrafe? Da yake sunanka ya ci, ban taɓa kiran sa da shi ba. Ango nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya, wai ya gaje ni. Yanzu ya fi ka tsawo, ya fi ka ci, Faransanci a bakinsa kamar famfon da ya lalace. Hausar ce sai a hankali.

To angon nan nawa ruwa ya sa a gaba. Ba irin naka ba, na garwa biyu da sanda a kafaɗa, lokacin da ka sauka tashar Adjamé kana bin matafiya kafin Allah Ya ba ka shago. Shi so yake ya zama mai kula da injin tace ruwan gari, wanda ke auna maganin da ake zubawa kullum. Sai an ci jarrabawa ake ba mutum takardar aikin. Ya zauna sau ɗaya ya faɗi. Ubansa kuwa, ɗanka na fari, wanda nake kira Alhajin Mangaza saboda mangazarsa, babban shagon nan na shinkafa, ya yanke hukunci: in ya sake faɗuwa, zancen ruwa ya ƙare, sai ya bi shi bakin tashar jirgin ruwa ya tsaya kan buhunan shinkafa. Ka san ɗanka. Taurin kan nan ba daga wajena ya ɗauko ba.

Malaminsu ya ce musu wanda ya iya bayyana wa kakarsa lissafin, shi ne ya iya. Ka ga yadda aka mayar da ni ɗaliba da furfurata. Kullum bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma ya zaunar da ni, ina gyaran kuɓewa yana karatu, ni na gyara masa Hausa, shi ya cusa mini lissafi.

Bari in gwada maka, ka san ba a banza na zauna ba. Wai a ce gari na shan mita kub dubu biyu a yini. Mita kub ɗaya duro biyar ne, kar ka tsorata. Kowane ɗaya yana son giram biyu na kulor, maganin nan mai warin zabel, ruwan wanke fararen kaya, da ke kashe ƙwayar cuta. Dubu biyu sau biyu, giram dubu huɗu, kilo huɗu ke nan. Nan Ango ya tsaya a karon farko, ya ajiye biro yana murmushi, nan kuma ya faɗi. Ashe hodar kulor ɗin da ke zuwa cikin bokiti ba zallar magani ba ce, kashi sittin da biyar cikin ɗari ne kawai mai aiki. Sai ka raba kilo huɗun nan da ƙarfin hodar, ka samu kilo shida da 'yar ɗoriya. In ka rage, mutane su sha cuta. In ka zarce, shayin gari duka ya yi warin wanki.

Da ya gaya mini haka, kai na tuna. Kai ne kake cewa ruwa amana ne, wanda ya sha bai ga inda aka ɗebo ba.

Daga nan na samu abin tsokana. Ya fito wanka, in ce Ango ka raba da ƙarfin? Ya zauna cin aceke, dambun rogon nan, da kifi, in ce ka raba da ƙarfin? Har aku na gidan maƙwabta ya kusa ɗauka. Wannan rabawar kuwa ba ta yiwuwa da ka cikin gaggawa, sai da kalkuleta, 'yar baƙa da ya fi riritawa fiye da ni amaryarsa.

Ranar jarrabawa, bayan sallar asuba, na lallaɓa na zaro ta daga jakarsa don in yi mata tofi. Kai ka koya mini, ko sabuwar garwa ka saya sai ka tofe ta. Na karanta abin da na iya, na tofa, na ajiye kan darduma, sai na shiga dama masa koko. Ya sha, ya durƙusa na shafa kansa, ya rataya jaka ya tafi. Sai da hantsi ya fara na zo naɗe darduma. Malam, ga ta nan kwance tana kallo na, ta sha albarka har ta ƙoshi.

Gidan ba kowa. Ban san sa'ad da na yafa mayafi ba. Gwiwar nan da ke hana ni zuwa biki, ranar ko tari ba ta yi ba. Na tare gbaka, ƙaramar bas ɗin nan, yaron motar ya jawo ni ciki kamar buhun doya yana cewa yako Maman, wato sannu Mama, na sauka na kama tasin woro-woro, muka haye gada ina ta zungurin direba da carbi.

A ƙofar makarantar da ake jarrabawar a Treichville na tarar da gardi, ga iyaye tsaitsaye. Ya ce ba mai shiga, amma ba a raba takardu ba tukuna, in faɗi sunan yaron ya kai masa. Na ce Ango. Ya ce babu Ango. Na ce to mijina ne. Ya dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ya kira abokinsa ya zo ya ga tsohuwar da ta auri ɗan jarrabawa. Jama'a suka kwashe da dariya. Ya ce cikakken suna yake so, na yaro da na ubansa.

Ka ji fa. Sunanka da na ɗan fari, a jere, a bakin titi. Tun ranar da aka kai ni ɗakinka ban taɓa furta naka ba. Ko a asibiti, ranar da likita ya tambaya, ƙanenka na tura. Na waiga ko akwai Bahaushe ya taimake ni, babu. Can ciki na ji an kaɗa ƙararrawa. Na tuna buhunan shinkafa, na tuna yadda idon yaron nan ke haske in yana zancen ruwa.

Na rufe ido na faɗa. Gardin ya ce bai ji ba. Na sake faɗa, da ƙarfi, har mai sayar da lemu a tsallake ta juyo.

Ya karɓa ya ruga.

Sai a gbakar komowa na tuna ashe na iya rubutu. Ga biro a aljihun gardin, da na karɓa na rubuta masa a tafin hannu, shi ke nan. Na yi ta dariya ni kaɗai har ana kallo na. Amma tsakanina da kai, Malam, ban tabbata mantuwa ce ba. Ashe sunan nan naka da daɗi a baki. Shekara da shekaru ina ajiye da shi kamar turare a ƙasan akwati.

Ango ya ci jarrabawa. Tambayar hodar ta fito, kuma ya ce da ya zo wurin sai ya ji muryata a kunnensa, ya raba da ƙarfin. Alhajin Mangaza ya sa an yanka rago, yanzu kuma duk wanda ya shigo mangaza sai ya ji labarin ɗansa. Ranar da yaron ya fara aiki, ya dawo ya tari ruwa a famfon tsakar gida cikin tsohon moɗanka, ya miƙo mini da hannu biyu. Na shinshina, na ce ya yi gishiri, don kar kansa ya kumbura. Na shanye tas.

Ka ga, kai ka shayar da tasha da kafaɗarka, mai sunanka yana shayar da gari. Amanar ba ta bar gidan ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara yadda ka shayar da matafiya. Allah Ya tsare hannun yaron nan daga ragi da ƙari. Idan tawa ta zo, Allah Ya sada mu, kuma ka shirya, don in na hango ka da sunanka zan kira ka, tun daga nesa.

Taka har kullum,
Ladi, matar mai ruwa, kakar mai ruwa.