Ni Nake Saka Masa Maɓalli, Shi Kuma Yana Tuƙa Mashin

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Admin a sakaya sunana, mutanen garinmu sun yi yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai ni maƙura.

Ni matar aure ce a wajen Bakori, 'yarmu ɗaya, tana firamare. Maigidana tun kafin ya aure ni sana'arsa yankan itace da injin nan na hannu mai ƙara, daga Danja har Kafur shi ake kira in za a kayar da bishiya ko a tsaga katako. In ya dawo da yamma hannuwansa na ta karkarwa, in riƙa tsokanarsa cewa ya kashe injin ya manta bai kashe hannun ba, mu yi ta dariya. Ya bar aikin da daɗewa, injin ma an sayar, amma hannun bai sake shi ba. Da sanyin safiya yatsunsa sai su yi fari fat kamar rogon da aka fere, ba ya jin komai da su, kofin shayi ya sha suɓuce masa, maɓallin riga ma ni nake saka masa.

Inna, mahaifiyarsa, ta ce wata tsohuwar tsamiya da ya sare a bakin rafi ce, masu ita suka riƙe masa hannu. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, tsohuwar nan da ciwon gwiwarta ta tafi har wani ƙauye bayan Malumfashi ta karɓo magani. Ni kuma na lallaɓa shi muka je asibiti a Funtua ba da sanin kowa ba. Likita ya ce girgizar injin ce ta shekara da shekaru ta taɓa jijiyoyin yatsun, da wuya su koma kamar da, amma ya kiyayi sanyi da duk abin da ke girgiza hannu, kuma da bakinsa ya ambaci mashin.

To ga inda gizo ke saƙar. Da Inna ta tambaye shi ya jiki, sai ya ji kunyar wahalar da ta sha, ya ce mata ya warke sarai. Ta yi ta murna, ta raba ƙosai sadaka, ta gaya wa duk unguwa. Yayansa da ya ji haka ya ce tunda lafiya ta samu zama bai kama shi ba, ya ba shi mashin ɗinsa ya riƙa acaɓa. Wato abin da likita ya hana, shi aka miƙo masa a matsayin alheri, ya sa hannu biyu ya karɓa har da godiya, a gabana.

Yanzu in hannun ya mutu masa a hanya, sai ya tsaya ya ɗora shi a kan injin mashin wai ya ji ɗumi. Kwanaki ya dawo tafinsa ya tashi ya yi ruwa, salansar mashin ya taɓa, kuma wallahi bai sani ba sai da na nuna masa. Ranar kasuwa kuma ya ɗauko ni bayan an yi ruwa, wani mai amalanken masara ya ratso gabanmu, da idona na ga yatsunsa a kan birki sun ƙi lanƙwasa, sai birkin ƙafa ya taka muka zame muka tsaya a jikin buhu. Na yi magana a gida, ya ce birkin ƙafa ya ishe shi, ya ce ina so ya zauna a zaure yana kallon hanya ne kamar tsoho, ya ce in na gaya wa Yaya na tona masa asiri, na kuma mayar da mahaifiyarsa maƙaryaciya a idon mutane. Na ɓoye makulli sau ɗaya, ya yini bai ci abincina ba.

Na gaji, haushi nake ji har ba na iya barci. Haushinsa, haushin tsamiyar nan da aka ɗora wa laifi, da haushin kaina da na iya rufe baki. Na san ba mugunta ba ce, namiji ne da ba ya so a ce ya gaza, kuma da acaɓar nan muke ci. In na gaya wa Yaya zai karɓe mashin, Inna ba za ta yafe min ba, ƙila auren ma ya girgiza. In na yi shiru, yana ɗaukar matan mutane da 'ya'yan mutane ba su san komai ba.

Yau da safe na saka masa maɓalli kamar kullum, ya ɗaga 'yarmu ya ɗora ta a kan tanki zai kai ta makaranta, tana ɗaga min hannu. Ku gaya min tsakani da Allah, in je wurin Yaya kafin gobe da safe, ko in ci gaba da saka maɓalli ina addu'a?