Take na Huɗu

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

Zafi yau ba a magana. Ga kuma wayata ta ƙi yin shiru tun safe. Ƴan Bakin Gulbi za su fitar da albam na cika shekara talatin, waƙa goma sha biyu cikin waɗanda suka fi tashe, shi ne Ɗahiru, mai kula da zauren masoyansu na WhatsApp, ya ce kowa ya faɗi zaɓinsa. Sai ka ce an zuba wa kaji tsaba. Wannan ya ce ina "Kwalekwalen Rima", wancan ya ce in babu "Hurar Hindu" ba zai saurara ba. Ni da nake auren mai kalangun ƙungiyar shekara ashirin da takwas karantawa kawai nake yi. Shi maigidan, Baban Khaula, dariya kawai ya yi. Rabin tuwonsa ya bari.

Laraba, 17 ga Afrilu

Sabuwar rigima. Abdulshakur mai situdiyo ya sake gyara tsofaffin waƙoƙin, rimiks suke ce masa, ya ƙara fiyano da wani dum-dum mai girgiza ƙirji. Tsofaffi sun ce an yi wa waƙa aski da gatari. Samari sun ce tsofaffi su koma kaset. Har wani ya fita daga zauren don fushi, ya dawo bayan la'asar. Ranar biyar ga Mayu za a rufe zaɓe.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Hular Baban Khaula ta fara yi masa yawa. Ya ce wanki ne ya buɗa ta.

Lahadi, 21 ga Afrilu

An turo ɗanɗanon waƙar ƙarshe, "Waɗanda Sunka Riga Mu". Ita ce ta mamatan ƙungiya. Tun asali haka ake yin ta: in an kai tsakiya Alhaji Yari, jagoransu, sai ya yi shiru, ƴan amshi su yi shiru, kalangu kaɗai ya kira taken kowane mamaci. Ba a faɗin suna da baki. Mode mai garaya, Jelani ɗan amshi, Junaidu mai jita. Uku ne, kuma hannun Baban Khaula ne ke kiransu.

Ina tsintar shinkafa na kunna. Na Mode ya wuce, na Jelani, na Junaidu. Ina jiran Alhaji ya ɗauko waƙa, sai kalangu ya ci gaba.

Na mayar baya sau biyar. Huɗu ne.

A zaure wani yaro ya rubuta wai Abdulshakur ne ya maimaita kiɗa don ya cike gurbi, kuma ya yi daɗi. Wani ya ce kuskuren kwamfuta ne. Mutum sama da ɗari biyu, masu cewa su ne masoya na haƙiƙa, ba wanda kunnensa ke jin maganar kalangu. Ni kuwa da wannan taken aka yi zawarcin zuciyata a bakin ƙofar gidanmu. "Sirajo hitila, ko da rana kana ci." Nasa ne.

Shinkafar har yanzu tana cikin faranti.

Talata, 23 ga Afrilu

Ya tafi Wamakko gwajin kiɗa, kamar kowace Talata tun kafin azumi. Bayan fitarsa na ga jakar kalangun rataye a bayan ƙofa. Wane irin gwaji ne babu kalangu?

Ban taɓa buɗe jakar nan ba tun da aka kawo ni gidan. Yau na buɗe. Ya shafe tsarkiyar da mai, ya naɗe makaɗin a sabon ƙyalle. A aljihun ciki akwai katin asibiti, an jera ranaku, duk Talata. Rubutun likita ban iya karanta shi ba, amma na ƙirga layukan, tara ne. Na mayar da komai yadda na same shi. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Ya dawo ana kiran magariba, yana bin bango. Na ce ya Wamakko. Ya ce lafiya lau, suna gaishe ki.

Laraba, 24 ga Afrilu

Hasana, matar marigayi Mode, ta kira. Ko gaisuwa ba ta gama ba. "Zulai, kin jiya?" Na ce na ji me. Ta ce, "Kak ki maishe ni yarinya. Ni ɗai da ke munka san wanga kiɗi." A nan katinta ya ƙare.

A zaure ƙuri'a ta rabu biyu, masu son tsohuwar waƙar mai take uku da masu son sabuwa. Na rubuta a cire sabuwar, ban ba da dalili ba. Ɗahiru ya sa mini hoton dariya, wai Hajiya ma ƴar kaset ce.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na sa hijabi na tafi gidan Alhaji Yari kafin masallaci. Na same shi a zaure yana yanke farce. Na ce, Alhaji, ana binne mai rai ne yanzu? Wa ya ba ku izinin sa mijina cikin matattu yana tafiya da ƙafarsa?

Bai ɗago ba. "Wallahi Hajiya ba mu munka sa shi ba. Ana cikin ɗauka yaw wuce na Junaidu, bai tsaya ba. Abdulshakur ya ɗaga hannu shi tsai da shi, nik kama hannun." Na ce don me. Ya ce, "Shekara talatin shina bayana. Ban iya ce mai bari."

Na ce masa wannan shisshigi ne ga ikon Allah, kuma in waƙar ta fita haka ba ni ba su. Ya ce in na ce a cire za a cire, maganata ta fi ta zaure duka. Da ma bai ce haka ba. Da na fito sai na ga duk abin ya dawo kaina.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ban tayar wa Baban Khaula da maganar ba. Shi ma bai yi ba. Cokali huɗu na kunu.

Laraba, 1 ga Mayu

Hadari ya haɗu da rana tsaka ya watse, ko ɗigo. Yana zaune a tabarma gindin dogon yaro na kawo masa fura. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na kifa murfin kwano na kaɗa taken da yatsu. Ya ajiye ludayin.

Ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya ce, "Kin yi sauri ga ƙarshe. Ana jan 'ci' ɗin."

Na ce abin da za ka ce mini ke nan? Talata tara kana yi mini ƙarya. Na yi kuka, na faɗi maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bar ni na gama. Ya faɗa mini sunan ciwon da abin da likita ya ce, shi ma ba zan rubuta ba.

Na ce to ko ma mene ne, Allah ke da rai, ka bari a cire.

Ya ce, "Zulai, ni nik kaɗa ma Mode. Ni nik kaɗa ma Jelani da Junaidu. Yaran yanzu hiyano suka koyo. In nit tahi, wa ka kaɗa man nau?"

Na ɗauke kwanon na shiga ɗaki.

Alhamis, 2 ga Mayu

Har yanzu suna musu. Wani ya rubuta wai kiɗan nan na huɗu ya fi sauran daɗi, zai sa shi a ƙarar waya. Na kife wayar.

Lahadi, 5 ga Mayu

An rufe zaɓe da azahar. Ƙuri'a ta zo kusan kunnen doki, Ɗahiru ya ce Hajiya ta raba gardama tunda kalangun na gidanta ne. Na rubuta a bar sabuwar. Kiɗan ya fi fita ne kawai, tsohuwar tana da shuu a ciki. Hasana ta turo mini saƙo ni kaɗai, ban buɗe ba tukuna.

Na kira Khaula a Zariya na ce ta taho da yaran, an kwana biyu ba su zo ba. Talata ni zan raka shi Wamakkon nasa.

Ɗazu ina wanke-wanke na kama kaina ina kaɗawa a bayan tukunya. Yana daga tabarma, idonsa a rufe. Wannan karon na ja "ci" ɗin. Bai gyara mini ba.