Allura a Idon Sawun Suwaiba

Trans-Amadi, Fatakwal
4 ga Maris

Zuwa ga matata Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙarfin jiki? Ya Inna da su Kamila? Ni ma lafiya, aikin fawa a kwata sai godiya.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, bakina ya ƙi buɗuwa, shi ya sa na rubuto. Tun ranar sunan gidan abokina Muntaka, da fitsari ya kufce miki a gaban mata, na ce miki ƙazama kowa yana ji, washegari na saka ki a mota zuwa Gumel, ban sake samun natsuwa ba.

Jiya na kai takardunki na asibiti wurin likitar da ke duba ki, wadda ban taɓa yarda na shiga ofishinta ba. Ta ce ciwon da suke kira MS, wanda ke sa miki sanyin ƙafa da dishi-dishin ido, shi ne ya taɓa jijiyoyin da ke riƙe mafitsara, ba ganganci ba ne. Ta tambaye ni ina kike. Na sunkuyar da kai na ce kin je ganin gida.

Akwai magani, Suwaiba. Siririyar allura ce ake sa wa kusa da idon sawu, a haɗa ta da wata na'ura mai ɗan motsa jijiya da lantarki, rabin awa duk mako, har mako goma sha biyu. Ta ce wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan. Don Allah ki dawo.

Ki gaida Inna, in za ta karɓi gaisuwata.

Mijinki,
Hammadu


Trans-Amadi, Fatakwal
19 ga Afrilu

Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya gajiyar zuwa asibiti, ya ƙafa? Yayanki Kallamu ya ce tun da kika dawo Fatakwal kika sauka gidansa a unguwar Mile 3 an yi miki allurar sau huɗu, har kin fara zama a tsakar gida da mutane. Alhamdulillahi. Duk Talata ina zaune a benci a bakin ɗakin likitar, ina ganin shigarki da fitarki. Ban matso ba tunda ba ki ce in matso ba.

Takardarki ta iso. Kin tambaye ni: wata biyar kina Gumel, me ya hana ni rubutowa sai da na ji akwai magani? In na'urar ba ta yi aiki ba, wata motar zan nema miki?

Na kwana biyu ina neman amsar da za ta wanke ni, ban samu ba. Gaskiyarki ce. Da likitar ta ce babu magani, ban sani ba ko da na rubuto. Wannan ya fi abin da na faɗa ranar suna ba ni kunya.

Ranar Juma'a na je gidan Muntaka, na tsaya a ƙofa na faɗa wa matan cewa kina fama da ciwo ne, ni kuma na ci mutuncinki.

Na bar tambayar Yaya Kallamu ko ana samun sauƙi. Ba na son dawowarki ta rataya a kan wannan. Ki dawo da sauƙi ko babu, ranar da kika ga dama. In kuma ba ki ga dama ba, ba zan kai ƙararki wurin kowa ba.

Talata mai zuwa ina nan a bencin.

Allah Ya ba ki lafiya. Ki huta lafiya.

Naki,
Hammadu