Duwatsun Bakin Gida

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a birnin Panama. Wankin kwanuka ne ya ɗan cinye min hannu, ba komai.

Yaya Briseida ta ce teku ya sake shigowa ɗaki ya kashe murhu, Inna ta wuni a ragar kwanciya da tukunya a cinya. Da ita Yaya ta yi maka maganar barin tsibirinmu zuwa gidan da aka ba mu a tudu, wai ka ce, "Akurkin nan? Sai ka ce kaza." Ka ja kwalekwale ka tafi fasa duwatsun teku don cike bakin gida.

Baba, duwatsun nan ne ke tare mana igiyar ruwa. Duk wanda ka ɗebo, ƙofa ka buɗe mata.

Na san kwakwar da aka binne cibiyata a gindinta ce ta riƙe ka. Gishiri ya riga ya kashe ta, ni kuwa ina raye. Don Allah ku hau tudu, in sami inda zan dawo.

Allah ya ja kwana.

Ɗanka,
Anelio